Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantu Da Malaman Wasanni Na Jihar Kebbi

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantun firamare da na sakandare, da ku 'yan'uwana malaman wasanni, tun daga Kamba har Zuru, daga Argungu har Yawuri. Ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da fama da 'ya'yan jama'a. Ni abokin aikinku ne da ya riga ku ajiye alli. Shekaru masu yawa na yi da usur a wuya ina shan rana a filin makaranta, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga gara in faɗe ta a bainar jama'a tun ina da sauran ƙarfi.

Akwai wani yaro da na koyar, ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin gulbi. Idan kaka ta yi aka buga gangar kokawa a dandali, duk ƙauyukan da ke kewaye sun san ba a kai bayansa ƙasa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa sun saba da jan taru da tuƙa jirgi. Wata shekara takarda ta iso mana, saura kwana huɗu a tafi, wai ana neman yaran da za su yi kokawar zamani a wata gasa a wajen jiha. Na ce ai ga namu. Muka shiga mota. Ranar ce ya fara taka katifar kokawa tun da uwarsa ta haife shi. Alƙali na busa usur, ya shige ƙarƙashin abokin karawarsa, ya sure shi, ya maka shi da ƙasa, zauren duka ya ɗauki sowa. Sai yaron nan ya sake shi, ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama, ya juyo wajenmu yana murmushi kamar yadda ya saba a dandali. Alƙali kuwa bai busa ba. Wancan ya tashi, ya rungumo shi ta baya, ya kai shi ƙasa, ya yi ta mirgina shi, maki na ta hawa. Da lokaci ya cika sai aka ɗaga hannun wanda ya sha kaye. Yaron ya sauko idanunsa jajur, ya ce mini, "Malam, to mi yar rage? Ai ya hwaɗi!"

Sai da muka kama hanyar gida na iya ba shi amsa, amsar da ya kamata ya ji tun watanni kafin nan. A kokawarmu ta gargajiya kaye shi ne ƙarshen zance. A ta zamani kuwa kaye maki ne kawai. Zagaye biyu ake yi, kowanne minti uku ga manya, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kai mutum ƙasa ka hau bayansa, maki biyu. Ka ɗaga shi daga tsaye ka yi masa babban kaye, maki huɗu. Ka tura shi ya taka waje da da'ira, maki ɗaya. Ba a tashi wasa kafin lokaci sai ka danne kafaɗunsa biyu a katifa har alƙali ya buga hannu, ko kuma ka ba shi ratar maki goma. Kafin a shiga ma sai kowa ya hau sikeli, domin ba a haɗa mai kilo 57 da mai kilo 74. Iyakar abin ke nan. Bayanin da bai kai minti goma ba shi ya raba yaron nan da lambar da ƙarfinsa ya riga ya ci masa. Laifin ba nasa ba ne, namu ne, mu da aka ba amanar koya masa.

Roƙon da na zo da shi ke nan: mu koya wa yaranmu ƙa'idojin farko na wasannin da mutum ke shiga shi kaɗai, wato gudu, da tsalle, da kokawa, da iyo, da ƙwallon tebur. Jikin yin su Allah ya riga ya ba su. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce musu ga inda ake tsayawa, ga inda ba a takawa, ga abin da alƙali ke dubawa.

Ban ƙi ƙwallon ƙafa ba, na kuma san ita ce ke cika filin Haliru Abdu. Amma ku dubi yadda awar wasanni ke wucewa a yawancin makarantunmu. A jefa wa yara ƙwallo ɗaya, ashirin da biyu su bi ta, sauran ɗaruruwa su zauna gindin darbejiya, 'yan mata kuma su koma aji. Ko ta fuskar lissafi ma an yi asara. Ƙungiyar ƙwallo, da 'yan benci da masu horarwa, mota guda take ci, in ta yi nasara lamba ɗaya ake rubuta wa jiha. Mai iyo guda ɗaya, Michael Phelps na Amurka, zinare takwas ya kwasa a Olamfik ta 2008. Lambar farko da Najeriya ta taɓa samu a Olamfik ta mutum ɗaya ce, tagullar da Nojim Maiyegun ya ciyo a damben zamani a Tokiyo a 1964. A 1996 ma, kwana ɗaya kafin 'yan ƙwallonmu su doke Ajantina a Olamfik ta Atlanta, Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta riga ta ɗauki zinare a dogon tsalle da mita 7.12, kuma a tsallenta na farko. Da muka je Paris a 2024 muka dawo hannu rabbana, kowa ya yi ta zargin manya. Ni dai na san tushen abin yana filin firamare.

Ku dubi Bayelsa. Mutanen ruwa ne kamarmu, masu kokawar gargajiya kamarmu. Daniel Igali, wanda ya taso a can, ya ci wa Kanada zinare a kokawa a Sidni a 2000, ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa, aka riƙa ɗauko yaran ƙauye ana ɗora musu ƙa'idar zamani a kan abin da suka gada. Daga nan Blessing Oborududu ta fito, ta ciyo azurfa a ajin kilo 68 a Olamfik ta Tokiyo. Ko ku leƙa maƙwabtanmu na Nijar, da suka riƙe gasar kokawar gargajiya ta cin takobi tun 1975, har sunan Issaka Issaka na Dosso ya zama abin da yaran Kamba da Kangiwa ke kira in suna kokawa a yashi. Can ne kuma Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya fito ya ciyo azurfa a takwando a Rio a 2016. Me suka fi mu? Ƙasar da ke da 'yan kokawar Arewa, da samarin Zuru da ke gwada ƙwanji a lokacin bikin Uhola, ba ta da hujjar zama 'yar kallo. Kokawar gargajiya da dambe da langa ma duk suna cikin wasannin da ake bai wa lamba a babbar gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka soma a Legas a 1973.

Mu dawo kan gudu, tunda shi ne ya fi arha. Na sha halartar intahaus inda ake auna mita ɗari da taku, a ja layin tashi da ƙafa, malami ya ɗaga hula ya sauke, yara su zuba a guje suna gogar kafaɗar juna. Yaron da ya saba da haka, ranar da ya je gasa ta gaske zai ruɗe. Abu huɗu ya kamata ya sani kamar yadda ya san sunansa. Daga mita 100 har 400 a durƙushe ake tashi, yatsu a bayan layi, ba a kansa ba. Ba a motsi sai bindiga ta tashi, kuma tun 2010 kuskure ɗaya ake yi a fitar da mutum. Usain Bolt da kansa, wanda ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Barlin a 2009, an fitar da shi a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2011 a Koriya ta Kudu saboda ya riga bindiga. In ba a ɗaga wa Bolt ƙafa ba, ba za a ɗaga wa ɗan Gwandu ba. Sannan kowa da layinsa, faɗinsa mita 1.22, wanda ya yanke kwana ta cikin layin wani ya zubar da wahalarsa. Na ƙarshe, ƙirji ake dubawa a layin gamawa, ba hannu ko ƙafa ba, don haka a hana yara rage gudu ko waiwaye in sun ga sun kusa. A ce musu layin yana can taku biyar gaba da inda yake.

Shata filin ba ya bukatar ɗan kwangila. Tef ɗin awo, da igiya, da turaku, da toka ko farar ƙasa sun wadatar. Makarantar da ke da wadatar fili ta kafa turke biyu a tsakiya, tsakaninsu mita 84.39. A ɗaura igiya mai tsawon mita 36.5 a kowane turke, yaro ya riƙe bakinta ya zagaya rabin da'ira, wani na binsa yana zuba toka daga gwangwanin da aka huda. A haɗa bakunan da miƙaƙƙen layi, an sami zagayen mita 400. Na yi wannan aikin da yara goma tsakanin asuba da hantsi, kuma sun koyi lissafin da'ira a ranar fiye da yadda allo ya koya musu. A nan ne kuma za ku bayyana musu dalilin da ya sa a tseren mita 400 na layi na biyu ke tsayawa kimanin mita bakwai gaba da na layin farko. Na taɓa ganin uban yaro ya shigo fili yana rantsuwa an cuci ɗansa an ajiye shi baya, alhali kwanar waje ce ta fi tsawo.

Dogon tsalle kuwa rami ne da yashi, kuma yashi ba abin saye ba ne ga mai gulbi. A binne katako mai faɗin santimita 20 daidai da ƙasa, a shafa masa farin fenti. Wanda yatsansa ya wuce bakin katakon, tsallensa ya ɓaci ko da ya tashi kamar barewa. Ana aunawa daga bakin katakon zuwa shaidar da ta fi kusa da shi a cikin yashi, saboda haka yaron da ya dira ya dafa hannu a baya, daga hannun za a auna, wanda kuma ya gama ya juyo ta cikin ramin ya ɓata tsallensa da kansa. A koya masa ya faɗa gaba, ya fita ta gaba. A riƙa kaftar yashin kafin kowane atisaye, a tsince kwalba da ƙaya, domin busasshen rami na karya idon sawu.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ruwa. Duniya ta san mu da ruwa. Tun 1934 ake taruwa a Argungu domin bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon ɗan Adam a 2016. Duk wanda ya tsaya ya kalli kabanci ya ga abin mamaki: tseren jirage, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Yawuri ma na da nata bikin ruwan, Rigata. Yaron da aka haifa a bakin gulbin Matan Fada ko gaɓar Kwara ya iya ruwa kafin ya iya Fatiha da kyau. Amma iyon gulbi daban, na gasa daban. Namu da kai a sama ake yi, ana duban gaba saboda igiyar ruwa da jirage. Na gasa fuska a cikin ruwa take, a fitar da numfashi a ciki, a juya kai gefe a shaƙi iska, jiki ya kwanta ɗoɗar kamar gora. Salo huɗu ne: na ganin dama wanda ya fi sauri, da na rigingine, da na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi mai ɗaga hannu biyu a tare. A na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda, in ɗaya ya riga ɗaya an fita. Ga kuma wadda za ta kama gwanayenmu na nutso: ban da salon kwaɗo mai tasa ƙa'idar, ba a yarda mutum ya wuce mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan tashi ko juyawa ba, dole kansa ya ɓullo. Yaron da ke alfahari da daɗewa a ƙasan ruwa, in ba a gaya masa ba, gwanintarsa ce za ta fitar da shi.

Na san tafkin iyo na mita 50 ba aikin hedimasta ba ne, na gwamnati ne, kuma ina roƙon ku haɗa baki ku riƙa nema a duk taron da aka kira ku. Kafin nan, makarantun bakin ruwa za su iya zuwa wajen Sarkin Ruwa a nemi izni da shawara, shi ya san inda ba zurfi, ba ja, ba kada. A auna mita 25, a ja igiya da goruna, manya biyu da suka iya ceto su tsaya, kuma a guji kwantaccen ruwan da ke sa yara tsargiya. Wannan ya wuce maganar lamba. Ba mu manta jirgin da ya kife kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin bayin Allah da suka rasu a ciki, Allah ya jiƙansu. Ba kowane ɗan Kebbi ne ya iya ruwa ba, musamman mata da yaran tudu, kuma kullum suna cikin jirgi zuwa kasuwa da gona. Yaron da aka koya wa ya kwanta rigingine ya saki jiki ya yi numfashi har taimako ya iso, an ba shi abin da ya fi kofi.

Sai 'yan mata. Na san abin da iyaye ke gudu, kuma ban raina shi ba. Amma maganinsa a hannunku yake: lokacinsu daban, malama mace, wando mai kauri da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, a cikin katangar makaranta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Wanda ya san wannan ba zai ce motsa jiki baƙon abu ne a gidan Musulmi ba. Ƙwallon tebur ta dace da su ƙwarai, don a cikin aji ma ana yin ta. Kafinta na gari zai iya haɗa teburin: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tashi daga ƙasa santimita 76, raga santimita 15.25. Maki 11 ake ci, in an yi goma da goma sai wani ya ba da ratar biyu, kuma bayan kowane maki biyu bugun farko na komawa hannun ɗayan. Inda yaran teburin bakin titi ke faɗuwa shi ne bugun farkon nan. Dole ƙwallon ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, a cilla ta sama aƙalla santimita 16, a buge ta tana saukowa, ba a ɓoye ta da jiki, ta fara dira a gefenka kafin ta haye. Da irin wannan teburin Aruna Quadri ya taso har ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, a Rio a 2016.

Dambe kam, ra'ayina shi ne a bar shi a wajen makaranta. Ina son kallonsa, na kuma san gadon gidaje ne, amma kan yaro bai ƙosa ya sha naushin hannun da aka naɗe da zare ba. Wanda ya nuna sha'awa a jira ya tasa, a kai shi wajen mai horar da damben zamani, inda akwai safar hannu da sikeli da likita.

Abu biyu kuma in gama. Don girman Allah a daina rage wa yara shekaru. Saurayi mai gemu da aka aske aka sa shi cikin 'yan shekara goma sha huɗu zai kawo kofi bana, amma ya kashe zuciyar yara goma da suka yi gaskiya, kuma kun koya wa makaranta duka cewa ƙarya na biya. Na biyu, ranar Kebbi ba abar wasa ba ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, saboda haka atisaye da sassafe ne ko bayan la'asar, da randar ruwa a bakin fili, da ɗan sassarfa da miƙe gaɓoɓi na minti goma kafin a fara. Yaron da ya ce kansa na juyawa a kai shi inuwa nan take, kada a ce ragwanci ne. Da azumi kuma a sassauta.

Ranku ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira takardar saura kwana huɗu. A zangon nan kowace makaranta ta zaɓi biyu daga cikin wasannin nan gwargwadon abin da ke kusa da ita, ta rubuta ƙa'idojinsu da Hausa a kwali ta manna a bango. A buɗe littafi guda a riƙa rubuta sunan yaro da shekarunsa da lokacin da ya yi ko nisan da ya tsallaka, domin agogon da ke cikin wayar kowane malami ya isa wannan aiki, kuma mai neman yara daga jiha in ya zo lamba zai tambaya, ba labari ba. Kuɗin da ake kashewa a rumfa da kujerun manyan baƙi ranar intahaus, a yanki kaɗan a sayi tef da usur da ƙwallayen tebur.

Ni kuma tef ɗina na mita 50 yana nan, da igiyata da turakuna. Duk makarantar da ke tsakanin Augie da Argungu da Birnin Kebbi da ke son a shata mata fili, ta aiko ta hannun malaman wasanni na shiyya, sun san gidana. Zan zo ranar Asabar bayan sallar asuba, ba na bukatar ko sisi. Ku dai tanadar mini toka buhu biyu, da gwangwani, da yara goma masu jan igiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin wasanni,
Argungu, Jihar Kebbi.